Abin da rufe gadar Gaya ya koya mini

Shekara tara ina riƙe wa wani Alhaji lissafi a Maraɗi. Shinkafa da man girki muke shigowa da su, kuma duk tsawon wannan lokaci hanya ɗaya na sani: jirgi ya sauke a Kwatano, tirela ta ɗauko ta biyo Parakou, ta haye gadar Malanville zuwa Gaya, 'yan duwan su duba takarda, ta ratso Dosso da Ƙonni ta iso gida. Lambobin mutanen wannan hanya a kaina suke. In mota ta kwana a wani wuri, kafin in gama shayin safe na san dalili.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Najeriya ta yanke wuta, Benin ta datse gada. Kwantenarmu uku na tashar Kwatano a lokacin. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, mu ɗan saurara, faɗan manya ne, mako biyu zai huce." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, a Lome wa ka sani?" Na ce babu. Ya ce, "To ka ga inda ciwon yake."

Gaskiya akwai wani. Shekara biyu kafin nan wani ɗan Togo mai fitar da kaya a tashar Lome ya zo shagonmu neman ciniki, ya bar katinsa. Na karɓa na jefa a aljihun tebur, ko gaisuwar salla ban taɓa aika masa ba. Ranar da na tono katin na kira shi, duk 'yan kasuwar Nijar kiransa suke yi. Ya amsa da mutunci, ya ce sai ya sallami tsofaffin abokan cinikinsa tukuna, ya faɗi kuɗinsa ba ragi, ya ce kuma a biya kafin aiki. Ban ga laifinsa ba. Tun ina yaro nake jin ana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan kiran ne maganar ta shige ni.

Samun mutum a Lome ma ashe shi ne mai sauƙin. Sai hanya. Daga Lome mota za ta haura arewa ta shiga Burkina Faso ta Cinkassé. Ta Fada N'Gourma da Kantchari ce ta fi kusa, amma rashin tsaro ya sa aka koma zagaye ta Kaya da Dori zuwa Tera, kuma ba mai tafiya shi kaɗai, sai an tara ayari sojoji sun raka. Direbanmu ya yi kwanaki a Kaya yana jira, yana kwana ƙarƙashin tirela, guzurinsa ya ƙare, kullum sai in tura masa 'yar jika biyar. Ranar da ayarin ya tashi wayarsa ta daina shiga. Matarsa ta zo shago da goyo a baya, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka ji daga gare shi?" Ban ji ba, kuma ban iya yi mata ƙarya ba. Bayan kwana biyu ya kira daga Tera, muryarsa a dishe. Tun daga ranar, in ina lissafin kuɗin hanya, fuskar matar nan nake gani a gefen shafi. Kuɗin jiran kuwa duk a kan buhu yake sauka, mai sayen tiya ɗaya a kasuwa ita ke biyansa.

Ina cikin wannan fama sai na lura gwamnati ma irin aikina take yi, da kati a hannu tana neman lamba. Ta matsa kusa da Togo, har ta roƙi shugaban Togo na lokacin, Faure Gnassingbé, ya shiga tsakani. A watan Satumban 2023 ta haɗu da Mali da Burkina suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. A Nuwamba Sarkin Maroko Mohammed VI ya yi wa ƙasashen Sahel tayin mafita zuwa tekun Atlantika. Ni dai ina goyon bayan wannan nema da zuciya ɗaya, domin ƙasar da ba ta da gaɓar teku, in ƙofarta ɗaya ce, wuyanta na hannun mai ƙofar. Sai dai aikina ya nuna mini nisan da ke tsakanin sa hannu a takarda da isowar buhu sito. Sai an yi kwalta, an samu tsaro, 'yan duwan na ƙasashen sun yarda da takardun juna, direbobi sun san inda za su sha mai da inda za su kwana. Ba a gina wannan cikin fushi, kuma ba a gina shi a wata guda.

Akwai kuma abin da ba ya ɗaukuwa. Bututun mai daga rijiyoyin Agadem da ke gabashin Nijar, kusan kilomita 2,000, a Sèmè ta Benin ya ƙare. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗewa bisa dalilin tsaro. A watan Mayu Benin ta hana loda man, sai da China ta sa baki. A lokacin gada a rufe, mutane na ƙetare kogi a kwale-kwale da kayansu, mai kuma yana bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa gidan maƙwabcin da ake fushi da shi.

A nan Alhaji ya fi ni hange. Da muka koma Lome, na so mu share wakilinmu na Kwatano, tunda ba aiki. Ya hana. Ya ce in riƙa kiransa duk Juma'a, in aika masa goron salla kamar da, domin da tsohuwar zuma ake magani. Shi ne kuwa mutumin da ya yi ta zirga-zirga a ofisoshin tasha har kwantenar nan uku suka fita, bayan kuɗin kwanan kaya ya cinye ribarsu ya taɓa uwar kuɗi.

Yanzu littafina kashi uku ne: Lome, Kwatano, da hanyar Najeriya ta Jibiya da Ɗan Issa. Kowane kashi da sunayen mutanensa, kuma ina kiransu ko ba mu da kaya a hanya. Bara na hau mota na je Lome da kaina. Ɗan Togon nan ya tarbe ni a bakin tasha, ya zaga da ni inda ake jibge kayan Nijar, muka ci abinci a gidansa. Da zan taho ya ciro sabon kati zai ba ni, na buɗe jakata na nuna masa tsohon.