Wasiƙa daga Teksas: naman da ke kwana a hayaƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya kuma haƙuri da rashinmu. Ina rubuto muku ne daga Houston, birni mafi girma a jihar Teksas ta Amurka, inda wata hidimar aiki ta kawo ni. Labarin aikin ba zai amfane ku da komai ba. Labarin nama zan ba ku, don na san a cikinku akwai waɗanda in an idar da sallar isha'i, ƙafarsu ba ta gane hanyar gida sai ta ratsa ta wajen mai tsire.

Mutanen nan suna da wani gashi da suke kira babikyu, kuma suna ji da shi ƙwarai. Teksas ta fi kowace jiha a Amurka yawan shanu, wajen miliyan 12, don haka ba wanda zai yi mamaki in naman sa ya zama abin tinƙahonsu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wurin da suka zaɓa a jikin san, wato ƙirji. Duk wanda ya saba tsayuwa gaban mahauci ya san wannan nama. Tsokar ce ke ɗauke da nauyin ɓangaren gaba na jikin dabba tun tana maraƙi har ranar yanka, shi ya sa ta cika jijiya. Ka yanka ta ka shimfiɗa a kan garwashi yadda ake yi wa balangu, sai ka yi ta tauna har muƙamuƙinka ya nemi hutu.

Dabararsu ita ce naman ba ya ganin harshen wuta ko kaɗan. Wani dogon tankin ƙarfe suke kwantarwa, da yawansu tsofaffin tankunan gas ne aka yanke aka yi musu ƙofofi. A gefe ɗaya akwai ɗan akwatin da ake hura wuta, a ɗaya gefen kuma dogon bututun hayaƙi. Zafi da hayaƙi su taso daga akwatin, su bi ta kan naman, su fice ta bututun. Itacen da 'yan tsakiyar jihar suka fi so wani nau'in bishiyar da ake kira ok ne da ke fitowa a yankinsu, busasshe, wanda hayaƙinsa ba ya ɗaci. Ƙirji guda yakan kai kilo 5 zuwa 7. Za a rage masa kitse, a barbaɗe shi da gishiri da masoro, a wurare da yawa shi ke nan kayan haɗin, sannan a ajiye shi a zafin da bai wuce digiri 110 zuwa 135 ba a ma'aunin Salshiyas. Haka zai yi awa 12, wani lokaci har 16 ko fiye. Naman da za a ci da azahar, tun jiya da dare aka ɗora shi, kuma akwai mutumin da ya kwana yana tura itace ɗaya bayan ɗaya, yana leƙen launin hayaƙi. In ya yi fari ya turnuƙe, wutar ba ta ci da kyau, nama zai yi ɗaci. Siriri ake so, mai ɗan shuɗi, wanda da kyar ido ke kama shi.

Akwai wani lokaci a tsakiyar dare da ke tayar wa sabon shiga hankali. Idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 70, sai ya tsaya cak, awa biyu, awa uku, ba gaba ba baya. Ruwan jikin naman ne ke fitowa yana ƙafewa yana sanyaya shi, kamar dai yadda gumi ke yi wa mutum. Mai gaggawa a nan yake ƙara wuta ya ɓata aikinsa. Gwani kuwa sai ya naɗe naman a takarda ya mayar, ya jira. Sai zafin ya haura digiri 90 jijiyoyin nan ke gama narkewa su zama wani romo mai danƙo a cikin tsoka. Ko an sauke ma ba a yankawa nan take, sai an bar shi ya huce a hankali na wasu awoyi.

Duk wannan bayani na sha shi tun kafin in sa ko loma ɗaya a baki, kuma ga dalili.

Mai masaukina, wani Alhaji ɗan Zariya da ya daɗe a ƙasar nan, ya ce sai ya kai ni inda abin ya samo asali. Muka kama hanya zuwa Lockhart, wani ƙaramin gari mai mutum wajen dubu 14, kimanin kilomita 50 kudu da Austin, fadar jihar. A 1999 majalisar wakilan Teksas ta naɗa wa garin nan rawanin hedikwatar babikyu. Cikin gidajen babikyun garin akwai Kreuz Market da aka buɗe a 1900, akwai Black's tun 1932, akwai kuma Smitty's. Asalinsu shagunan mahauta ne. Baƙi daga Jamus da ƙasar Cek da suka zauna a yankin a ƙarni na 19 su ne suka zo da sana'ar fawa irin tasu. A zamanin ba firji, naman da bai ƙare ba sai a kyafe shi kada ya lalace. Masu tsinkar auduga, yawancinsu baƙaƙen fata da 'yan Meksiko, su zo su saya, a zuba musu a takardar da mahauci ke naɗe nama, su ɗauki albasa da biskit a kantin su zauna su ci da hannu. Shi ya sa har gobe a takarda ake ba ka, a sikeli ake auna maka, kuma Kreuz ya yi shekaru aru-aru ba ya ba da cokali mai yatsu, ba ya ba da miya.

Smitty's kuwa saɓanin gado ne ya haife shi. A 1999 'ya'yan mai Kreuz suka raba gari, 'yar ta riƙe tsohon ginin ta sa masa sabon suna, ɗan ya tafi da tsohon sunan zuwa sabon gini. Ranar ƙaura sai suka kwashi garwashi daga tsohon murhu suka zuba a baho, suka ja shi a kan titi har sabon wurin, don kada a ce wutar ta taɓa mutuwa. A tsohon ginin, wutar a ƙasa take ci, dab da inda mutane ke bin layi, bango da rufi sun yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin shekaru. Rigata sai da ta kwana biyu tana ƙamshi.

Ƙamshin kawai na sha. Gidajen gargajiya irin waɗannan, tare da naman sa suna gasa haƙarƙarin alade, sau da yawa a murhu ɗaya, a yanka a katako ɗaya. Batun yankan Ahlul Kitabi malamai sun yi magana, kowa da fahimtar da yake bi, ba ni ne zan raba gardamar ba. Amma kitsen alade da ke ɗiga kusa da namanka, wannan ba ya buƙatar doguwar fatawa. Alhaji ya dube ni yana dariya, ya ce, “Malam, haƙuri za ka yi, yau kallo ne namu. Gobe in Allah ya kai mu za ka ci har ka ture.”

Houston gari ne mai Musulmi da yawa, 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Afirka, ga 'yan Najeriya jingim har da wuraren sayar da tsire. A 'yan shekarun nan wasu Musulmi sun koyi wannan sana'a suna yi da naman halal, ba alade a gidan sam. Irin wannan wuri muka je, ƙaramin shago a jerin kantuna, tankin yana bayan gini yana fitar da hayaƙinsa a hankali. Muka bi layi har muka iso gaban mai yanka. Ya zaro ƙirji guda daga akwatin ɗumi, ya warware takardar da ta jiƙe sharkaf da mai. Wallahi da a hanya na gan shi, cewa zan yi gawayi ne. Da ya dire shi a katako sai ga shi yana rawa, yana karkarwa gaba ɗayansa. Ya tambaye ni mai kitse nake so ko marar kitse, don ƙirjin tsoka biyu ne a haɗe, ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ɗaya mai tudu da kitse ya ratsa. Alhaji bai bari na buɗe baki ba, ya ce a haɗa mana.

Wuƙar ta shiga ba ƙara. Baƙin nan ashe ɓawo ne siriri na masoro da hayaƙi da kitse. A ƙarƙashinsa akwai wani zobe ja-ja da ya zagaye naman, wanda baƙo zai ɗauka bai nuna ba, alhali iskar da wutar itace ke fitarwa ce ke riƙe launin tsokar. Mai yankan ya ɗaga yanki ɗaya ya rataya a yatsarsa, ya lanƙwashe ta gefe biyu bai karye ba, sannan ya ɗan ja shi, ya rabu ba musu. Haka ake gwada gwani a nan.

Aka ba mu a faranti mai shimfiɗe da takarda, da yankan farin burodi, ɗanyar albasa, da kokwamba mai tsami. Na ɗauki na kitsen da hannu. Haƙori bai yi wani aiki ba. Gishiri ya fara zuwa, sai zafin masoro, sai hayaƙin ya biyo a hankali ya zauna a maƙogwaro, kitsen kuwa ya narke kafin ka ankara. Tsoho marar haƙori ko ɗaya zai ci wannan nama ya sa albarka.

To amma gaskiya ɗaya ce, bayan yanka na uku harshena ya fara cigiyar yaji. Kitsen yana da nauyi, yana gundura da wuri, kuma miyar da suke ajiyewa a tebur zaƙi ne da ita, ni dai ba ta shige ni ba. Albasar da kokwambar ne ke wanke baki. Alhaji, da yake tsohon hannu ne, sai ya laluba aljihu ya zaro ƙullin yajin ƙuli da aka aiko masa daga gida. Muka barbaɗa. Wani Bature a teburin kusa ya yi ta satar kallonmu, muka miƙa masa, ya dangwala, ya yi tari, ya sake miƙo hannu. A wajen fitar da ɗanɗano da kayan ƙamshi, mai tsiren unguwarku ba sa'ansu ba ne. A wajen sarrafa wuta da mayar da nama mai tauri ya yi laushi, nan kam a sara musu.

Kuɗin fa? A wuraren da suka yi suna, awo ɗaya nasu, wanda bai cika rabin kilo ba, yakan kai dala 30 ko ya wuce. Kada ku lissafa da naira, hawan jini ba shi da daɗi. Suna da hujjarsu, don tsakanin rage kitse da ƙafewar ruwa kusan rabin nauyin naman ke tafiya, ga itace, ga ladan wanda ya kwana bai runtsa ba. Abincin leburan gona ya koma abin da ake yi wa layi tun asuba. A Franklin Barbecue da ke Austin mutane na zuwa da kujerunsu su yi awoyi suna jira, har ya zama labari a jaridu da Shugaba Obama ya tsallake layin a 2014. A wani ƙauye mai suna Lexington kuma akwai Snow's, da ba ya buɗewa sai ranar Asabar, inda wata dattijuwa, Tootsie Tomanetz, haihuwar 1935, ta yi suna wajen tsaron wuta tun cikin dare.

Wanda Allah ya kawo shi nan cikinku, ya lura cewa ba ko'ina a Amurka babikyu ke nufin naman sa ba. A jihohin Karolina da birnin Memphis galibi alade ne. Ko a Teksas ɗin, sosej ɗin da aka ce na sa ne galibi a hanjin alade ake ɗura shi, kuma dafaffen waken da ake ba da shi a gefe sau da yawa da gutsattsarin alade a ciki. Ka tambaya kafin ka zauna, ba sa jin haushi. Kuma ka je da wuri, don in na ranar ya ƙare rufe shago suke yi, ba a gasa wani sai gobe.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. Mai zuwa nan kusa, don Allah ya taho mana da yaji, na Alhaji ya kusa ƙarewa.

Naku,
ɗan uwanku a Houston