Daga Zuba Fenti a Zaure Zuwa Tawadar Kawu

Na shafe shekara goma ina rubuta allunan shaguna da zana fuskokin mutane a garin Bauchi kafin na soma gwada zanen da ba ya kwaikwayon siffar wani abu, wanda masana ke kira abstirak. A lokacin na ɗauka cewa hanya ɗaya ce tak, wato mutum ya watsa launi yadda ya ga dama, kuma wannan zaton ya cinye mini fenti da yadi masu yawa.

Da salon Jackson Pollock na fara, Ba'amurken da a 1947 ya soma shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana zagaya shi yana ɗiga fenti da sanda. Na sayo fentin gida da akoko a kasuwar Wunti, na shimfiɗa a zaure a tsakiyar hunturu, na yi ta zuba ja a kan kore, kore a kan baƙi, ba tare da na jira ɗaya ya sha iska ba. Kafin la'asar launukan sun cakuɗe sun koma kamar kwata, ƙurar hunturu kuma ta manne a kai. Sai daga baya na gane cewa kaurin fentin, da nisan hannu daga ƙasa, da saurin tafiyar mai zanen, su ne ke haifar da layin da ake gani, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake zuwa bisa katari.

Na koma kan hanyar Helen Frankenthaler, Ba'amurkiyar da a 1952 ta tsinka fenti har ya zama kamar ruwa domin ƙyallen da ba a shafa wa komai ba ya tsotse shi. Da na tsinka fentin mai da kananzir, sai maiƙo ya yi wa kowane launi zobe, amma da na sauya zuwa fentin akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa, akokon ya sha launin kamar yadda tufa ke shan baba a marina. Gerhard Richter na Jamus kuwa ya yi suna wajen jan fenti da doguwar makankara har na ƙasa ya leƙo ta cikin na sama. Na gwada da guntun roba, ban ji daɗinsa ba, domin salo ne mai cin fenti, kuma aljihuna bai kai ba.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne Mark Bradford na Los Anjalas, wanda ke liƙa takardu bisa takardu sannan ya goge su da na'ura har tsofaffin launuka su bayyana. Duk wanda ya ratsa titunan Bauchi bayan zaɓe ya san bangayen da fastoci suka hau kan juna, ruwan sama da rana suka yayyaga su. Na ɓamɓaro irin waɗannan, na liƙa a katako da gam, na bi su da samfefa, har fuskokin suka ɓace, launi da gutsattsarin haruffa kaɗai suka rage.

Kawuna, wanda ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo, ya tarar da ni a kan wannan aiki, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan gamawa ka yi, ko gajiya ka yi?" Na ce, "Kawu, ni ma ban sani ba." Washegari ya kira ni ya nuna mini yadda yake auna allo da zare kafin ya taɓa alƙalami, da yadda yake barin fili fari da gangan domin ja da rawaya su sami wurin numfashi. Ban taɓa lissafa zayyana, ko aska takwas ta babbar riga, ko dagin da magina ke yi a fuskar soro, cikin wannan fanni ba, alhali dukkansu tsari ne na layi da launi wanda ba ya zana mai rai. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, sun riga sun yi kira da a haɗa dabarun zamani da zanen gado, Ibrahim El-Salahi na Sudan kuma daga harafin Larabci ya fitar da nasa salon.

Yanzu ina fara kowane aiki da awon zare, in shimfiɗa jar ƙasa da aka dama da ƙaro, in ɗora takardun bango a inda awon ya yarda, in ƙarasa da tawadar da Kawu ke dafa mini. Jar ƙasar tana tsagewa idan ƙaron ya yi yawa, kuma zane uku sun lalace mini kafin na dace da gwargwadonsa. Na huɗun yana rataye a zauren Kawu, kodayake har yau yana cewa kusurwar hagu ta cika nauyi.