Yau na ɗora murya

Laraba. Tun da hantsi na shiga sutudiyo da jita da littafin waƙoƙina. Kuɗin zaman daga aljihuna ya fito, don haka ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Wanda ba shi da kamfani a bayansa, idonsa na kan agogo.

Mai kiɗa ya saurari waƙar, ya zare abin kunne ya ce, "Ɗan'uwa, shimfiɗarka ta yi tsawo. Wa zai zauna jiranka kafin ka buɗe baki?" Raina ya sosu, domin wannan jitar ta farko ce na fi ƙauna a duk waƙar. Sai dai lissafinsa na kan hanya. Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ba ta ƙirga sauraro sai mutum ya kai daƙiƙa 30, kuma tun Afrilun 2024 ba ta biyan kuɗin sautin da aka naɗa a kan waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba. Muka jawo amshi gaba, jitar ta koma bayan baiti na biyu. Har yanzu ina ganin da can ta fi daɗi.

Baiti na uku ne ya wahalar da ni. Akwai gaɓar da numfashi ke yanke min kafin in kai ƙarshen layi, a ɗaki ban taɓa lura ba, amma makirufo ba ya rufa wa kowa asiri. Na soke kalma biyu da biro, ta zauna daram.

Da yamma na fito da takarda. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na rubutu da kari, da na sautin da aka naɗa. Kalmomi da kari nawa ne, kiɗan nasa ne, dole a rubuta kason kowa. Ya tuntsire da dariya: "Ba a haifi yaro ba har an fara rabon gado?" Na ce masa, "Maigida, gara mu yi yanzu da muke dariya." Ya ɗan ja, ya nemi ƙari, na ƙara masa, ya sa hannu.

Jibi zai turo min bayan ya gama haɗa sautin. Saura hoton bango, da loda ta wajen masu rarraba waƙoƙi zuwa manhajojin sauraro, da miƙa ta ga editocin Spotify masu zaɓen waƙoƙin da za su shiga jerinsu, aƙalla kwana 7 kafin ranar saki. Duk ni kaɗai, a waya mai fasasshen gilashi. Muryata ta dushe, ga shi gobe da sassafe akwai aikin da ke biyan kuɗin sutudiyon.