Jaka biyu da wake ɗari-ɗari

Talata, Aboabo, Kumasi.

Darasin yamma da 'yan WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, yau a kan gadon sikila ne, inda ilimin halittu da lissafi suke cin tuwo a kwano ɗaya. Kowane rukuni ya samu baƙar jaka biyu, ɗaya uba, ɗaya uwa. A kowace jaka akwai farin wake 50, shi ne A, ƙwayar gado ta lafiyayyen jini, da jan wake 50, shi ne S, ta sikila. Wato iyayen duka AS ne. A zura hannu ba leƙe, a ɗauko ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can, a rubuta, a mayar, a girgiza. Sau 40.

A takarda, AA 10 ake sa rai, AS 20, SS 10. Wani rukuni ya samu SS 14, wani 6, sai hayaniya ta tashi wai lissafi ya yi ƙarya. Da aka haɗa na rukuni biyar a allo, ɗauka 200, SS ya tsaya a 52, dab da 50. Ɗauka 40 ta yi kaɗan, shi ke nan.

Akwai kuma laifin waken. Jan ya ɗara farin girma, yatsa na gane shi ko ido a rufe. Gara a sayi fari zalla, a shafa wa rabi tawada, a shanya.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, in ɗan fari ya zo SS, ukun da ke biye sun tsira ke nan?" Ko kusa. Ai shi ya sa ake mayar da waken, jaka ba ta tuna abin da ya fita ɗazu. Kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne, sabo fil. A haifi huɗu ba SS ko ɗaya, sai a ninka 3/4 sau huɗu: 81/256, kusan kashi 32 cikin ɗari. Sauran 68 ɗin su ne suka sa ajin ya yi tsit.

Sai zaɓin yanayi, wato yadda muhalli ke tankaɗe waɗanda za su rayu su haihu. Daga 40 ɗin takarda, cire SS goma, kamar zamanin da babu magani. Saura mutum 30, kowa wake biyu, wato wake 60, ja 20: kashi 33. Yanzu shigo da zazzaɓin cizon sauro, cire AA biyar (na zuzuta adadin don a gani). Saura wake 50, ja har yanzu 20: kashi 40. Abin da masanin kimiyya Allison ya nuna ke nan a Gabashin Afirka a 1954: mai AS yana kamuwa, amma zazzaɓin bai cika yi masa tsanani ba. Inda ake zubar da maki shi ne a rubuta wai jiki ya ƙirƙiro S don kare kansa. Canji ne da ya faru haka nan a ƙwayar gado, sauro tankaɗe kawai ya yi.

A Ghana kusan jarirai 2 cikin 100 da cutar ake haihuwarsu, kuma a nan asibitin Komfo Anokye aka fara gwajin jarirai a 1995. Ba duka ne SS ba. C, wata ƙwayar gadon jini daban da A da S, ya yawaita a arewacin ƙasar, AS da AC kuma suna ba da SC ɗaya cikin huɗu. Ran Alhamis sai an nemo tawada kala ta uku.