Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar da Aka Ja wa Jan Layi

Makon jiya na tsaya a haihuwar 'yata Ummi, amma sai na koma baya, domin akwai takardar da har yau take ci mini rai.

Cikina na da mako 12 aka ɗebi jinina a wurin awo. Da sakamako ya fito, malamar asibiti ta ja jan layi a ƙarƙashin wasu haruffa, PAPP-A, ta ninke takardar ta cusa a katina, ta kira ta bayana. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na nuna wa Goggo, uwar mijina, ta ture hannuna ta ce, "Ciki ba cuta ba ne, 'yar nan. Goma na haifa, ba wanda ya taɓa ɗibar jinina."

Na yi shiru, na adana takardar.

Wajen wata bakwai ƙafafuna suka kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsana sai da aka sa sabulu. Kaina kamar ana sara, idona na ganin walƙiya. Goggo ta sake cewa ciki ba cuta ba ne. Ranar da aka kwashe ni, jinina ya kai 170 bisa 110, ga furotin a fitsari. A mako na 33 aka yi mini aiki don gudun jijjiga. Ummi ta zo bakwaini, kilo 1.6, tafin ƙafarta bai kai tsawon babban yatsana ba, ta yi kwanaki a kwalba.

Sai da na cika shekara 39, hawan jini ya zauna mini daram, sannan wani likita ya tambaye ni, "Hajiya, yaya kika yi da cikinki na fari?" Washegari na kai masa takardar, duk ta yi ja don tsufa. Shi ya warware mini cewa PAPP-A furotin ne da mabiyiya ke fitarwa, kuma ƙarancinsa a farkon ciki kan nuna ba ta kama sosai ba. Mata da yawa masu irin wannan sakamako lafiya suke haihuwa, in ji shi, amma ya kamata a sa musu ido. Ya ce macen da ta yi hawan jinin ciki, haɗarin ciwon zuciya kan ninka mata daga baya. Ya faɗa mini binciken da ya fito a 2017, inda asfirin miligiram 150 kullum, daga farkon ciki, ya rage wa matan da ke cikin haɗari irin wannan ciwo mai sa a haihu kafin lokaci da kashi 62 cikin ɗari.

Na san a lokacina wannan bincike bai fito ba. Amma bayani na minti biyu fa? Da na san ma'anar jan layin nan, ba zan kwana uku da ciwon kai ina jin kunyar magana ba.

Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta riƙe Ummi da hannu biyu. Duk da haka idan na haɗiyi ƙwayata da asuba, maganarta nake ji.

Ummi ce damuwata yanzu. Tun shekarun 1980 wani likita mai bincike, David Barker, a Ingila ya nuna cewa waɗanda aka haifa ƙanana sun fi fuskantar ciwon zuciya idan sun manyanta. Shi ya sa duk ranar da na auna jinina, sai na ɗaura mata na'urar ita ma, tana tura baki tana cewa, "Mama, ni fa lafiyata ƙalau." Mako mai zuwa zan faɗi yadda muka kwashe da babanta ranar da ya ga takardar.