Ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin mota

Asabar, Agege, Legas.

Da na fita sallar asuba ban lura ba saboda duhu. Sai da na dawo gari ya fara haske na hango tabon a ƙasa, daidai gaban motar ta gefen mai zaman banza, faɗinsa ya kai tafin hannu. Na durƙusa na dangwala da yatsa na murza. Baƙin mai ne, sabo, ko baƙi bai fara yi ba, yana nan da launin zuma. Gabana ya faɗi. Yau kwana 11 ke nan da na yi juye, kuma a juyen ne na bar mai kauri 20W-50 da nake zuba mata shekara bakwai na koma sintetik 5W-30, wato man da ake haɗawa da sinadarai. Jiya ma a cunkoson Ikeja Along na riƙa jin ƙauri yana shigowa ta ramin iska, na ɗauka daga wata danfo ce da ke gabana.

Corolla ce ƙirar 2006, tokumbo daga Amurka, kuma ta haura mil 190,000. Ita nake kai yara makaranta da ita, ita nake ɗauko kaya da ita daga kasuwar Mile 12, kuma da ita nake son zuwa Kano wata mai zuwa bikin ƙanwata. Wanda ya san hanyar nan, Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa har a faɗa Kaduna, ya san ba a shiga ta da motar da ake shakkar injinta. Dalilin canza man ke nan tun farko. Ƙanena da ya karanta injiniyanci ne ya nuna mini murfin zuba mai, ga 5W-30 nan a rubuce ɓaro-ɓaro, ni kuwa shekara da shekaru ina buɗe murfin ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Uwargida ta yago kwali ta shimfiɗa a ƙasa, ta kuma barbaɗa yashi a kan tabon kafin mai gidan hayarmu ya sauko. Dattijo ne mai son tsabtar tsakar gidansa, kuma yana da haƙƙi.

Wajen mai shayi na tarar da Kawu. Ya yi tuƙin tirela tsakanin Apapa da Arewa fiye da shekara 30, saboda haka in ya yi maganar inji ana yin shiru. Ban gama ba shi labari ba ya ajiye kofi.

"Ɗana, wa ya aike ka? Wannan mai na ƙasar sanyi ne. Ruwa ne zalla, cin roba yake yi. Tsohuwar mota sai mai kauri. Je ka a juye shi yau, a mayar maka da naka, ɗigon zai tsaya."

Na ce, "To Kawu, in sha Allahu zan duba." Ban yi musu ba, kuma gaskiya zuciyata ta karkata wajensa. Na yi lissafin kuɗin da na kashe a galan ɗin nan, ya fi ninki biyu na wanda na saba saya, ga shi yana tsiyaya a ƙasa. Da niyyar juyewa na nufi gareji.

Bakanikena Bayarabe ne haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausarsa ta fi ta yarana. Baba muke ce masa. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, in ka ce in juye zan juye, motarka ce. Amma bari mu ga inda yake fitowa tukuna." Ya zaro sandar awo ya goge ya mayar, ya sake zarowa. Man ya sauka kaɗan daga alamar sama, bai kai rabin tsakani ba. Ya sa yaronsa ya wanke injin tas ya busar, aka tayar da ita aka bar ta tana aiki kusan minti 20. Sai ya kira ni da tocila a hannunsa. A bayan injin, ta wajen da bututun hayaƙi ke fitowa, wani siririn layi yana ƙyalli yana gangarowa daga gefen murfin sama. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan ƙarfen mai zafi a kan idona, ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. Ƙaurin jiya ke nan. Can ƙasa kaɗan kuma, inda ƙarfen da ke ɗaure sarƙar inji yake shiga da noti biyu, nan ma ya jiƙe. Baba ya ce a irin wannan injin wuraren nan biyu ne ke fara gajiya in shekaru sun ja.

Da ya kwance murfin sama ne na ga abin da ya tsaya mini a rai har yanzu. Cikin murfin duk ya yi dafifi da wani baƙin daskararren abu kamar kwalta, a kusurwoyi har ana iya kankaro shi da sukundireba. Amma inda mai ke bi da ƙarfi an fara ganin hasken ƙarfe, kamar tukunyar da aka soma wankewa aka bari. Ya ɓamɓaro fakin, wato robar da ke zagaye da murfin, ya miƙo mini ya ce in lanƙwasa. Ina lanƙwasawa ta karye ƙas, kamar busasshen kara. Robar da ya kamata ta yi laushi ta matse tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta zama itace. Na duba da kyau na ga tsagu biyu tsofaffi, cikinsu cike da wannan baƙar laka. A ramin fulogi na biyu ma akwai mai kwance.

"Ka gani ko?" in ji Baba. "Wannan ba aikin kwana 11 ba ne. Datti ne ya toshe maka ramin. Sabon mai ya wanke dattin, ramin ya fito."

Na kira ƙanena na gaya masa, shi kuma ya ƙara mini abin da ban yi tunani ba: abu biyu na canza a lokaci guda, irin man da kuma kaurinsa. A lambar mai irin 5W-30, ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudu in inji ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne in ya kai zafin digiri 100. A wannan zafin mai lamba 50 ya kusa ninka mai lamba 30 a kauri. Tsagar da mai kauri ke tsattsafowa ta cikinta a hankali, mara kauri zai bi ta da sauri, ko sintetik ne ko ba shi ba. Ya ce maganar Kawu ma tana da tushe. Man sintetik na farko-farko a shekarun 1970 ya ba da matsala da roba, wani sinadarin yana sa ta ƙanƙance, wani yana sa ta kumbura, sai daga baya aka daidaita haɗin. Labarin ne ya ci gaba da yawo a gareji bayan an gyara abin. Batun zafin Legas kuwa, injin da ke da lafiya yana riƙe zafinsa ne wajen digiri 90 ko a nan ko a Amurka, ruwan lagireto ne ke wannan aikin. Kuma injin nan VVT-i ne, yana da ƙananan hanyoyin da mai ke bi ya juya lokacin buɗe bawul, laka na iya toshe su.

Lakar ce ta fi damuna. Na san daga ina ta zo, domin akwai lokutan da na ja juye har wata bakwai saboda kasuwa ta yi nauyi, ina kallon mita ina cewa ai ban yi nisa ba. Alhali motar da ke tsaye a cunkoso awa biyu tsakanin Oshodi da Agege injinta aiki yake yi, mita ce kawai ba ta ƙirgawa. Akwai kuma sau biyu da na sayi mai a bakin titi don sauƙi, ban san abin da ke cikin galan ɗin ba.

Bayan azahar muka hau mota ni da yaron Baba zuwa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Layin masu kayan Toyota muka shiga, aka fito mana da fakin kala uku, kowanne da kuɗinsa. Yaron ya ɗauki kowanne ya lanƙwasa, ya sa farce, ya ajiye biyu ya riƙe ɗaya. Na biya ban yi dogon ciniki ba. Muka haɗa da zoben roba na wajen sarƙa, ɗan abu kamar zoben yatsa, da wani ƙaramin bawul da ke fitar da iskar cikin inji. Tsohon bawul ɗin Baba ya girgiza shi a kunnena da safe bai yi ƙara ba, ya ce ya toshe, kuma in ya toshe iska kan taru a ciki ta riƙa tura mai waje ta duk inda ta samu rauni.

Na roƙi Baba ya zuba maganin wanke inji a fitar da lakar gaba ɗaya. Ya ƙi. Ya ce in ta ɓalle lokaci guda za ta iya toshe rariyar da ke tsotso mai daga ƙasa, wannan kuwa shi ne ke kashe inji. Ya wanke murfin da hannu, ya goge bakin ƙarfen har ya yi sumul, ya ɗiga gam kaɗan a wurare biyu kawai inda ƙarafa suka haɗu, ya ɗaura notocin a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Shawararsa ita ce in bar man a ciki, in canza shi da filta da wuri a juye biyu masu zuwa, tunda datti zai riƙa kwasowa. Ya kuma nuna mini bayan fulin ƙasa, akwai ɗan gumi a sil ɗin wajen, wato robar da ke hana mai fita. Bai kai ɗiga ba, amma ya ce in dawo bayan mako biyu a duba kafin tafiya.

Da magariba na sake haɗuwa da Kawu a ƙofar masallaci. Na ciro guntun robar daga aljihu na ba shi. Ya juya ta, ya karya da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan kam ta mutu tuntuni." Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, ni ma ban nema ba. Ya dai ce ranar da zan kama hanya in sa lita ɗaya a but, in kuma duba sanda a Ilorin da Mokwa, kuma zan yi hakan.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce. Na sauka na cire kwalin safe, na shimfiɗa sabo fari, na danne shi da dutse saboda iskar hadari da ta taso. Na ɗauki hoton sandar awo a waya don in gwada da na gobe bayan asuba.