Tayar baya ce ta ja min asara a keken lantarki

Sati uku kenan amma har yanzu in na kalli wilin bayan keken nan sai raina ya ɓaci. Keken lantarki ne irin na hawa tsauni, na hannu na saye shi bayan an cire tallafin mai a 2023, da shi nake zuwa aiki daga Kabuga, ranar Asabar kuma in miƙi titin Gwarzo in sauka daga kwalta in bi burtali da hanyoyin gona. Tayar baya ta cinye tas, shi ne na fita neman wata.

Abu biyu kawai na duba, girma da haƙora. Inci 29 ce, faɗi inci 2.4, haƙoranta manya gwanin sha'awa, ga sauƙin kuɗi, da na ɗaga ta na ji ba nauyi har murna na yi wai batir zai daɗe. Wannan rashin nauyin shi ne matsalar. Ban matsa gefenta da yatsa ba, ban karanta rubutun jikinta ba, tayar keken ƙafa ce zalla, gefenta siriri kamar ledar shago. Keke na ya kai kilo 24, ni kuma na haura 80, injin yana tsakiya wajen feda, duk ƙarfin da yake bayarwa tayar baya ce ke ɗauka. Ina tayar nan za ta iya?

Fita ta biyu da ita abin ya faru. Na rage iska zuwa 20 a ma'aunin iskar taya saboda yashi, kamar yadda na saba da tsohuwar, na gangara wani kwari mai marmara da ɗan gudu, sai ji na yi ƙwas! a baya, kafin in taka birki taya ta kwanta. Tif ya huje wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji, gefen tayar ya yage tsawon ɗan yatsa, bakin wili kuma ya lotsa. Ƙarfe sha biyu na rana, ruwa na ya kusa ƙarewa. Wallahi wanda bai taɓa tura keken lantarki a yashi da sacecciyar taya ba ba zai gane ba, ko madannin nan da ke taya ka turawa bai hana ni jigata ba, sama da awa ɗaya kafin na fito titi.

Wani dattijo mai faci na samu a gindin darbejiya. Ya juya tayar ya murza gefenta tsakanin yatsunsa ya ce, "Yaro, wannan ai ba ta wannan keken ba ce, wa ya ɗora maka?" Na ce, "Baba ni na zaɓa da kaina." Bai ƙara magana ba, ya yanko guntun tsohuwar tayar babur ya shimfiɗa daga ciki, ya face tif ɗin, ya ce in tafi a hankali. Allah Ya saka masa da alheri, a haka na lallaɓa gida.

Da daddare na jawo tsohuwar tayar daga bayan ɗaki na karanta. Ta kamfanin Maxxis ce, an rubuta DoubleDown a gefe, ashe tun farko amsar na jikinta. Kamfanin nan suna da EXO, da EXO+, sai DoubleDown mai ninki biyu, Schwalbe kuma suna da Super Trail da Super Gravity, duk maganar kaurin jikin taya ce ba haƙora ba. Bambancin nauyin bai wuce giram ɗari biyu zuwa uku ba, abin da inji ko a jikinsa. A kan wannan ɗan nauyin na rasa taya sabuwa fil, na rasa tif, wili kuma ko da aka buga ya miƙe bai koma daidai ba, in ina kan kwalta ina jin yana ɗan tsalle.

In za ka saya, a tayar gaba za ka iya sassautawa amma a ta baya ka sa mai kauri. Ka duba lambar gefe kuma, 622 ita ce 29, 584 ita ce 27.5, don akwai kekunan da gabansu daban bayansu daban. Haƙora manya ma in rabin tafiyarka kwalta ce ƙara kawai suke yi suna shan batir.

Yanzu mai kaurin na sa, na cire tif gaba ɗaya na zuba ruwan nan mai toshe huji saboda tsidau da ƙayar bagaruwa, sai dai zafin Kano na busar da shi da wuri, duk bayan wata biyu zan riƙa dubawa. Iskar baya ba na sauka ƙasa da 26. Asabar da ta wuce na sake bi ta kwarin nan, na wuce lafiya, amma sai da na tsaya na sauka na shafa gefen tayar kafin na ci gaba. Wilin ne dai har yanzu ban samu na canji ba.